Kawu Sale da Ɓerayensa Biyu

Ƙaras-ƙaras na ji a ƙarƙashin faifai, ina durƙushe ina gaida Kawu Sale a zaurensa na Gumel. Na ɗaga faifan, sai na kurma ihu. Ɓeraye biyu, kowanne a gwangwaninsa!

"Rufe min su, Ladi. Saboda ke na kama su."

Kun dai san shi, yayan mahaifiyata, tsohon malamin dabbobi a kasuwar Maigatari. Ya daɗe yana duba kayan cikin shanu a mahauta, har kowace magana tasa a hanji take ƙarewa. Ka ce kanka na ciwo, ya ce hanji ne. Ka ce matarka ta yi yaji, ya ce a duba hanjinta.

Shekarar da motoci suka koma hannun dama ce, ina shekara biyu da aure, ina nan kamar sillen kara. Surukata ta aiko daga Gagarawa cewa mutane na zargin ɗanta ba ya ciyar da ni. In ta zo bayan girbi ta same ni haka, za ta tafi da ni gidanta ta yi kiwona wata uku. Ni da na yi sakandare, a turke ni kamar ragon layya! Man shanu kuwa da ludayi nake shansa har jiri ya ɗebe ni, amma ko zobena bai matse ba.

Kawu ya ce, "Ba cin ba ne, 'yar nan. Hanji yana da ɗan aike, ta jini yake bi. Shi ke gaya wa jiki, riƙe man nan, ko bar shi ya wuce. Na wani mai ƙwazo ne, na wani malalaci."

"Nawa fa, Kawu?"

"Naki ko tashi daga barci bai yi ba."

Kullum yana ba ɓerayen nan ƙuli-ƙuli da man shanu daidai wa daida, kuma daga madafina yake ɗiba. In na yi magana ya ce, "To, aikin wa ake yi?" Ya haɗa sikeli da murafen gwangwani da zare, yana auna su da ƙwallon dabino. Cikin wata guda ɗaya ya yi ɓul-ɓul, ɗayan kuwa sai kunne da wutsiya. Wannan ramammen ya raɗa wa sunana. Ban ƙara shiga gidan suna ba sai mata sun tare ni da, "Ladi, ya takwara?"

Ranar da surukata ta iso, ko ruwa ba ta gama sha ba sai ga sallamar Kawu da kwando. Ya dire gwangwanayen a gaban tabarmarta, ya buɗe.

"Hajiya, duba da kyau. Cinsu ɗaya, shansu ɗaya. Wanne ne mijinsa ba ya ciyar da shi?"

Wallahi ban san tsohuwar nan na iya hawa turmi ba sai ranar.

"Malam Sale, na yarda! Na bar muku ita da ƙasusuwanta, kai dai fitar min da abin nan!"

Garin hawan ta shure gwangwanayen. Takwarata ta bi ta ƙarƙashin ƙofa, silif, ta wuce. Mai ƙibar ya bi bayanta ya maƙale, kyanwar maƙwabta ta zo ta ɗauke shi hankali kwance. Kawu ya dube ni.

"Kin gani? Tashi ki yi nafila ta godiya."

Ba a yi kiwona ba. Kawu ya rasu ina ɗauke da cikina na uku, kuma daga wannan haihuwa jikina ya buɗe, har yau bai tsaya ba. In zan shiga motar zuwa Sule Tankarkar, sai direba ya leƙa tayoyinsa. Wanda zai fi kowa tsokanata bai gani ba.

Allah Ya ji ƙan Kawu Sale, Ya haskaka kabarinsa. Duk garin nan shi kaɗai ya ga ina kuka a ɓoye saboda ramata, ya nema min mafita da abin da ya sani.

Ranar Juma'ar da ta wuce ina yi masa addu'a a kan sallaya, hawaye suka zubo min. Autata ta lallaɓo ta rungume ni ta baya, ta ce, "Umma, hannuna bai zagaye ki ba, amma na riƙe inda na samu."