Haɓar Ni'ima

A unguwar Roumdé Adjia idan mace ta cika, kafin a gama salati an aika gidan Goggo Achta, mai wankan gawa. 'Yar Kousséri ce, aure ya kawo ta Garoua tun haƙoranta na nan cif. Mijin ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, Munir, da kuma baki mai kaifi. In ta shiga ɗakin mamaciya, aikinta na fari shi ne ta rufe mata ido, ta yagi siririn farin ƙyalle, ta zagaya shi ta ƙarƙashin haɓa ta ƙulle a tsakar ka, don kada baki ya sandare a buɗe. Ta ɗaure wa matan attajirai, ta ɗaure wa masu tallar kifi. Ana girmama ta, amma ba kowa ke son tuwon hannunta ba, ita kuwa ko a jikinta.

Duk duniya ba wanda ke juya ta sai jikarta Ni'imatullahi, 'yar shekara huɗu, mai surutu kamar an kunna rediyo. Ita ce wani ƙullutu ya fito wa a muƙamuƙin hagu. Ba zafi, ba zazzaɓi, sai dai kullum ƙaruwa yake, har bakinta ya karkace.

Nan fa unguwa ta cika da likitoci. Wannan ta ce hangum ne, waccan ta ce sammu, wata ta rage murya ta ce ciwon daji. Mata suka riƙa shigowa dubiya da irin sallamar da ake yi a gidan makoki, kuma Achta ta san sallamar nan fiye da kowa. Har ya dawo kunnenta wai hannun da ke wanke matattu ne ke yi wa yarinya wanka, to me ake jira?

Ruƙayya, uwar yarinyar, kallon mutane ya ishe ta. Wata rana Achta ta dawo daga kasuwa ta tarar da Ni'ima zaune a tabarma, an ɗaure mata haɓa da farin ƙyalle, ƙulli a tsakar ka. Ƙwaryar da ke hannun Achta ta faɗi.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Goggo," in ji Ruƙayya. "Don a rage kallonta ne."

Achta ta fizge ƙyallen ta wurga cikin murhu.

"Ke yarinya ce, ba ki san abin da kika ɗaura ba. A unguwar nan ni ke ɗaure haɓa, kuma na san wa nake ɗaure wa. Wannan tana numfashi!"

Washegari ta shafa wa Ni'ima kwalli, ta sa mata rigar sallah, ta ƙi hawa moton Munir, wato babur ɗinsa. Ta saɓa ta a kafaɗa, fuska a buɗe, ta ratsa tsakiyar kasuwa da gangan. Duk wanda ya ƙura ido sai ta tsaya ta gaishe shi ta ce, "Jam na? Kalle ta da kyau, lopital za mu, kuma za mu dawo."

A asibitin aka ɗauki hoton ƙashi, aka ɗebi ɗan nama aka aika gwaji. Aka sha jira. Ranar da sakamako ya fito, Dokta Blandine ta yi bayani da Faransanci, Munir na mayarwa. Ƙari ne a ƙashin muƙamuƙi, irin wanda ba a cika gani ga yara ba, amma ba na daji ba ne, ba ya yaɗuwa. Sai dai in an bar shi zai ci ƙashin, don haka sai an yi operasiyon.

Achta ta ce wa Munir, "Tambaye ta, mutuwa za ta yi?"

Likitar ta girgiza kai tun kafin a mayar mata.

"To, a yanka," in ji Achta.

Aka yi aiki lafiya. Da aka turo yarinyar, Achta ta leƙa gado. Idon Ni'ima a rufe, ga farin bandeji ya zagaya haɓa an ƙulle a tsakar ka. Matar da ta yi shekara da shekaru tana shiga ɗakin gawa ba ta taɓa zubar da hawaye ba, ranar ta yi kuka. Amma ba ta taɓa ƙullin ba. Ta kwance jan ɗankwalinta ta rufe farin da shi, ta zauna kai ba ɗankwali a gaban maza da mata, wanda zai yi magana ya yi.

Bayan sallama aka ce a riƙa sake ɗaurin a gida. Munir ya gwada, ɗaurin ya zame, Ruƙayya ma ta gwada ya warware. Duka suka juyo suna kallon tsohuwa.

Achta ta daɗe tana duban bandejin. Sannan ta yi bismillah, ta zagaya shi ta ƙarƙashin haɓa yadda hannunta ya saba, ta ƙulle.

"Kaka," in ji Ni'ima ta tsakanin haƙora, "kin matse. Kuma kunu nake so."

Achta ta sassauta ƙullin, abin da ba wanda ya taɓa roƙonta. Ta juya ta daka wa Ruƙayya tsawa.

"Ba ki ji ba ne? Kunu ta ce!"