Kumburin da Muka Kira Sanyi

Edita da masu karatu, ina yi muku sallama, ina kuma roƙon a sakaya sunana. A shekarar babban farin nan da aka rufe iyaka, ni ƙaramar matar aure ce mai 'ya'ya biyu, a wani ƙauye kusa da Gidan Sori. Na yi kwalej a Maradi kafin aure, abin da ba kowace mace ta samu ba a wajenmu, don haka in an kawo ƙwayar magani ni ake nuna wa, in yaro ya yi zazzaɓi ni ake tambaya. Ba na jin girman kai ne ya kai ni ga abin da zan ba ku labarinsa. Ina dai son in taimaka, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗi in aka ce 'yar lakol, wato mai karatun boko, ce ta faɗa. Mijina ya tsallaka kudu neman abin da za mu ci tun da hatsi ya ƙone a tsaye, sai hanya ta toshe, labarinsa ya yanke. Aka bar ni da yara da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna.

Inna ba ta taɓa riƙe ni kamar suruka ba. Mace ce mai barkwanci, mai yawan tasbihi, amma akwai abu ɗaya da ba a yi mata wasa da shi, wato sunan gidan. Asalinsu Tibiri ne, kuma a wani fari da ya gabata daga rumbunsu aka ciyar da unguwa. Da aka fara rabon jar dawa ta taimako a Gidan Rumji na yi mata maganar a hankali, ta ce muddin tana numfashi babu macen gidan nan da za ta riƙe ƙwarya a layi mutane suna nuna ta da baki. Sai muka koma ga dusa da ganye da 'ya'yan anza da ake jiƙawa har ɗacinsu ya fita. Sau ɗaya nake ɗora tukunya a yini. In na kwashe in kai wa Inna nata ɗakinta, don babba ba ya ci a tsakar gida, kwanon kuma ya dawo mini a suɗe. 'Ya'yana ba su rame kamar na maƙwabta ba. Na yi ta gode wa Allah a sujada, ban tambayi dalili ba.

Da bazara ta shigo ƙafafun Inna suka fara kumbura. Takalminta ya daina shiga, in na danna yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Na taɓa ganin irin ƙafar nan ranar kasuwa, a jikin matan makiyayan da dabbobinsu suka ƙare suka zo suka zauna bakin gari. Zuciyata ta gaya mini, na yi sauri na kawar da tunanin, don waɗancan ai yunwa ce, mu kuwa muna ci ko da kaɗan ne. Inna ma da kanta ta ba abin suna, ta ce sanyi ne, tsohon sanyin da ta kwasa tun haihuwar fari da ba a yi mata wankan jego yadda ya kamata ba. Matan da suka zo dubiya suka ce ƙwarai, sanyi ne, ruwa ne ya taru, a yi mata surace. Kowa ya ji daɗin wannan suna, har da ni.

Nan ne karatuna ya shigo. Na tuna malamar motsa jiki a kwalej tana cewa gumi yana fitar da dattin jiki, miƙe gaɓoɓi kuma yana sa jini ya gudana. Na ce surace da lulluɓin zane ba zai isa ba, ɗaki guda za mu gasa. Akwai ƙaramin ɗakin da na yi jego a ciki, mai gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Na toshe tagar da tsumma, na rataya tsohon bargo a ƙofa. Itace ba ya samuwa kusa, sai na fara zare karan rufin rumbunmu, tunda babu abin da yake rufewa. Ina hura gadon, in sa kaskon garwashi a gefe, in ɗora tukunyar ganyen dogon yaro tana tururi. Bayan azahar, lokacin da ko inuwa ƙuna take, mu shige mu biyu. In sa ta ɗaga hannuwa sama, ta sunkuya ta nemi yatsun ƙafarta, ta kwanta ta jingina ƙafafu a bango, ta ja numfashi ta riƙe, sannan in zauna ina matsa mata ƙafar daga ƙasa zuwa sama. Tana yi tana tsokanata, wai 'yar lakol ta mayar da ita soja da tsufanta, wai ruku'un nan da babu alwala wa zai ba ta ladansa. Mu yi dariya gumi yana zuba. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne ruwan sha. Na ce tunda ruwa ne ya yi mata yawa, kada ta ƙara wani a kai. In ta ce maƙoshinta ya bushe sai in ba ta kurɓi ɗaya, in ce ta yi haƙuri.

Da farko kumburin ya ɗan saɓe, takalmin ya shiga. Mata suka yi ta sa mini albarka. Ban so in ga cewa idanunta sun faɗa ba, ko cewa yanzu a zaune take sallar da ta saba yi a tsaye. Ranar da abin ya faru mun shiga kamar kullum, sai na lura ni ina jiƙe sharkaf, ita kuwa fatarta a bushe, da zafi kamar bayan tukunya. Wallahi murna na yi. Na ce mata Inna ruwan ya kusa ƙarewa, na ƙara garwashi. Ta dube ni ta kira ni da sunan ɗiyarta da ta rasu tun kafin a kawo ni gidan, ta ce in je in kore awaki daga shanyar hatsi. Babu awaki, babu hatsi. Kafin in amsa ta sulale daga bakin gadon.

Maƙwabcinmu ya ɗauke mu a amalankensa zuwa likita a Gidan Rumji. Jakin da kansa da ƙyar yake ɗaga ƙafa, gefen hanya kuwa ƙasusuwan shanu ne. Ina riƙe da kanta a cinyata ina ɗiga mata ruwan da na hana ta, yana gangarowa ta gefen baki. A can aka sa mata ƙarin ruwa, zuwa washegari ta buɗe ido ta gane ni. Ma'aikacin da ya duba ta bai yi mini faɗa ba. Ya danna ƙafarta, ya tambaye ni me take ci. Na ce abin da muke ci. Sai Inna ta ce masa ɗan nan ya ba mu wuri, za ta yi magana da ɗiyarta.

Ta ce in daina ba mutumin amsar da ban sani ba. Tun ranar da aka share ƙasan rumbu, in na kai mata kwano sai ta kira jikokinta ta ƙofar baya su cinye, ita ta lashe hannu, ta ce musu in suka faɗa ba za ta ƙara yi musu tatsuniya ba. Ta ce ta san kumburin nan tun tana yarinya, ta ga ya ɗauki mutane a wata yunwa, ba ta taɓa zaton sanyi ne ba. Na ce to don me ta bar ni ina gasa ta. Ta ce gara a ce tsohuwar gidan nan tana maganin sanyi da a ce yunwa ta kama ta, kuma hayaƙi yana tashi daga gidanmu kowace rana, masu wucewa suna cewa girki ake. Ta ce ban da haka ma tana jin daɗin hannuna a ƙafarta. Ta ce kada in yi kuka in tara mata mutane. Ta ce in ta tafi in ɗauki ƙwarya in shiga layin nan, ita dai kada ta gani.

Ba ta daɗe ba. Jikin ya riga ya ƙare, zafin ɗakin ya ƙarasa abin da ya rage. Bayan an yi addu'a na ɗauki ƙwarya na shiga layi, kuma a gabana da bayana matan manyan gidaje ne, kowa ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Babu wadda ta nuna wata. Da mijina ya dawo na gaya masa komai, ban rage ba. Ya ce kwananta ne ya ƙare. Bai taɓa tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Na yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, amma na san wa ya hura wutar, kuma ina neman gafara a kan hakan a kowace salla.

Abin da ya sa na rubuto bayan tsawon shekarun nan, jikata ce ta nuna mini a wayarta wasu mata a wani ɗaki da aka ɗumama da gangan, suna lanƙwasa jiki suna gumi, wai don lafiya, ta ce ita ma tana sha'awa don ta rage jiki, har ta fara tsallake abinci. Ban ce haramun ne ba, ban kuma san iliminsa ba. Abin da na sani na gaya mata, shi nake gaya muku. Kada mai jin yunwa ko mai rauni ya shiga zafi da sunan magani. Kada ku hana mai ƙishi ruwa, ko wace hujja kuka karanta. Wanda gumi ya tsaya masa a cikin zafi ba warkewa ya yi ba, ku fitar da shi da gudu. Ku kuma masu tsofaffi a gida, musamman irin waɗanda ba sa cewa kaito, a shekarar da abinci ya yi wuya kada ku yarda da kwanon da ya dawo a suɗe. Ku ajiye kunya, ku zauna a gabansu har ku ga lomar ta wuce.