Ciwon Gwiwar Malam Zarami

Duk wanda ya yi sakandare a Azare a wancan zamanin ya san Malam Zarami, malamin tarihi, Babarbaren da iyayensa suka zo da shi daga Barno yana goye. Dogo ne, ga murya kamar ta mai shela. Yana da wani labari da ba ya cikin manhaja, amma ko ana ha-maza-ha-mata sai ya cusa shi: yaƙin basasar Amurka, da abin da Ingila ta yi.

"Ku ji rashin kunya!" in ji shi, yana dukan tebur. "Kudu ta ce sai an ci gaba da bauta, aka kaure da yaƙi. Turawan Ingila, masu cika duniya da baki wai sun hana cinikin bayi, sai suka naɗe hannu, wai faɗan cikin gida ne, ba ruwansu. Ƙarya suke! Audugar da bayi ke nomawa ita ke juya masaƙunsu. In baki ya ci, ai ido sai ya ji kunya."

Da ya yi ritaya, fansho ya zama sai ka gani. Abin da ya rufa masa asiri shi ne wata fadama a hanyar Jama'are, wadda attajirin unguwarsu, Alhaji Bunu, ya ba shi aro yake noman albasa. Da ita ake ɗora tukunya a gidan.

A shekarar dubu biyu da huɗu limamin unguwa ya rasu. Kowa ya san wanda ya cancanta: na'ibinsa, Malam Umara, tsohon ɗalibin Zarami, mutum mai karatu da sanyin hali. Sai Alhaji Bunu ya miƙe a tsakiyar masallaci ya ce, "Kakana ne ya sayi kakansa a Katagum. Ni in bi ɗan bawan gidanmu salla? Allah ya sawwaƙe!"

Kai, jama'a! Maganar da aka binne tun zamanin kakanni, mutum ya tono ta da rana tsaka. Unguwa ta dare biyu. Masallaci ɗaya, jam'i biyu. Maƙwabta suka daina gaisawa, mata suka daina aika wa juna tuwo.

Dattawa suka sa zama ranar Juma'a bayan la'asar, kuma kowa ya zuba wa Zarami ido, don rabin masu faɗan, shi ya koya musu riƙe alƙalami. In ya ce Umara, to Umara ne. Shi ma ya san gaskiya sarai, har ya tsara ayoyin da zai kawo. Da safiyar ranar, yana dawowa daga lambu, motar Alhaji Bunu ta tsaya kusa da kekensa. Alhaji ya sauke gilashi yana murmushi. "Malam, yaya albasarmu? Ka dai ji daɗin wurin nan ko?" Iyakar abin da ya ce ke nan.

La'asar na yi, Zarami ya miƙe a tabarma yana nishi, wai gwiwa ta riƙe.

Matarsa Ya Fanna ta tsaya a kansa. "Malam, gwiwar da ta tuƙa keke ɗazu?"

"Ke, rabu da ni. Faɗan 'yan gari ne, mu baƙi ne."

"Baƙo mai jikoki a garin? To, Allah ya ba da lafiya."

Yana kwance yana jin hayaniyar zaman ta kan katanga, tsoro da kunya suna cinsa, amma bai tashi ba. Aka naɗa wani daban.

Bayan girbi Malam Umara ya zo sallama, zai koma Misau da iyalinsa. Ya durƙusa a zaure kamar yadda ya saba, ya tambayi gwiwa. Da ma zagi ya yi, da ya fi sauƙi.

"Malam, ban riƙe ka ba, wallahi," ya ce a hankali. "Abu ɗaya nake tunawa. Ka taɓa gaya mana akwai talakawan masaƙa a Ingila da suka yarda da yunwa, suka ce ba su goyon bayan masu bayi. Na ɗaga hannu na ce, Malam, da kai ne fa? Ka ce, Umara, har sai ka tambaya?"

Umara ya miƙe, ya yi sallama, ya tafi.

Albasa kuwa ta yi kyau a shekarar, har ba a san inda za a zuba ta ba. Da Ya Fanna ta kawo abincin rana, ya kalli yankakkiyar albasar da ke kan shinkafa, ya ture kwanon.

Ta mayar masa da shi gabansa. "Ci mana, Malam. Ai saboda ita ka yi ciwon gwiwa."