Yadda Makarantarmu Ta Koyi Awarar Mama

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare a Zuru aka kawo mana sabon malamin darasin kasuwanci. Lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa gari ba, sai ka ga mutum ya kafa lema a bakin titi ya ajiye tebur, mata na layi su kira mazajensu da ke bariki a kudu. Kullum da mai lemar nan malamin yake ba mu misali. Ya ce aikin gwamnati ya ƙare, duk yaron da bai koyi sana'a ba zai tsufa da takarda a hannu. Baki gare shi, Allah ya sani. In ya fara magana har masu barci a bayan aji sai sun ɗago kai.

Mama kuwa awara take sayarwa a ƙofar makarantar, ƙarƙashin mangwaro. Babanmu soja ne, ya tafi aiki ƙasar waje, akwatin kayansa kaɗai ya dawo. Ni ce babba, ga ƙannena uku. Gonarmu ɗan fili ne a gindin dutse, dawar da yake bayarwa ba ta kai mu ko'ina. Awarar nan ce cinmu, ita ce sabulunmu, ita ce takalminmu. Da an kaɗa ƙararrawar tara yara za su yi caa a kanta, kafin a koma aji tiren ya zama wayam.

Wata rana malam ya ce karatun allo ya isa haka, zai riƙa fita da mu cikin gari mu ga sana'a da idonmu. Muka fara da shagon wani Ibo mai sayar da kayan babur. Mutumin ya tarbe mu da fara'a, ya raba mana alawa. Malam ya tambaye shi inda yake saro kaya da yadda yake sa farashi. Ya yi dariya har yana buga kanta, ya ce, "Oga malam, ka zo ka yi mini yaron shago shekaru, sai na gaya maka." Muka fito da alawa a baki, ba mu koyi komai ba. A hanya malam yana ta tsaki, wai mutum mai rowar ilimi.

Da muka koma aji ya tambaya ko akwai wanda iyayensa ke sana'a a gida. Duk aji suka juyo suka nuna ni. Ni kuwa sakarai, har wani daɗi na ji.

Ranar da za su zo, Mama ta share tsakar gida tun da safe, ta aro bencina daga maƙwabta, ta ɗaura zaninta na zuwa coci. Ba a taɓa zuwa gidanmu don a koyi wani abu ba. Ta saki jiki ta nuna musu komai: yadda ake jiƙa waken suya, irin laushin da za ka ce wa mai inji ya yi maka, yadda ake tacewa, yadda ake dafa madarar har ta haɗu ta yi curi-curi, a juye a buhu a danne da dutse, a yanka a soya. Har haɗin yajinta ta faɗa. In zance ya ɗauke ta sai Hausar ta gudu ta koma yarenmu na C'lela, ni kuma in fassara. Da za su tafi malam ya rusuna har ƙasa ya ce, "Mama, yau ke ce malamarmu." Ta rufe baki da hannu tana murmushi. Kwana da kwanaki tana ba matan unguwa labari.

Ba a yi wata ba aka tara mu a fili da safe. Shugaban makaranta ya ce an kafa ƙungiyar yara 'yan kasuwa, za su riƙa yin awara a cikin makaranta. Muka tafa. Sannan ya gyara murya ya ce saboda tsafta, daga yau an hana masu talla zama a ƙofa, kuma za a riƙa kulle ƙofar lokacin tara. Aka ce a sake tafawa. Ina tsaye a layi ina hango maigadi da sanda yana korar mai ƙosai da mai gyaɗa da Mama. Tsafta! Matar da malam ya ci awararta har yana lashe yatsa.

Don a ƙara mini gishiri a ciwo, ni aka naɗa shugabar ƙungiyar, wai na fi kowa sanin aikin. Mu muke jiƙo, mu muke kai niƙa, mu muke shan hayaƙi a bayan ofis, darasin farko da na biyu duk su wuce mu. Matar malam ce ke zuwa lokacin tara ta zauna gaban tire ta sayar.

Mama ta gwada tasha, ta tarar kowace inuwa da mai ita. Ta gwada kasuwa, haka. Ta koma yawo gida gida cikin rana. Awara kuwa ba ta kwana, in ta kai yamma ta fara yami. Muka ci ragowa har muka tsane ta. Daga baya ma ragowar ta zama abin nema, don Mama ta rage waken da take jiƙawa, wata rana ba ta jiƙa sam.

Abu ɗaya ya rage mata: awarar makaranta ba ta yi kyau ba. Ko ta ƙi haɗuwa ta dagargaje a mai, ko ta yi ɗaci. Yara suka sa mata suna sabulu. Wasu suka fara haura katanga suna neman Mama a bayan makaranta, har ta ɗan fara samun ciniki. Na san dalili. Ruwan tsamin da ke haɗa madarar Mama yana cikin wata tsohuwar tukunya a bayan ɗaki. Shi kaɗai ne malam bai lura da shi ba ranar da suka zo. Ba ta taɓa bari ya ƙare, sai dai ta ƙara masa sabon ruwan gasara a kan tsohon. Malam kuwa yau ya zuba lemon tsami, gobe ya zuba wani farin gari da ya sayo a kasuwa.

Ya kira ni gaban aji ya ce, "Me uwarki take zubawa?" Yanzu ba Mama ba ce, uwarki ce.

Na ce, "Ban sani ba, sa."

Ya ce ni 'yar baƙin ciki ce, ba na son ci gaban makaranta. Ya sa manyan yara biyu suka riƙe ni a kan tebur, ya zane ni da dorina. Washegari ya sake tambaya, na sake cewa ban sani ba, ya sake. Na tsane shi, har yau kuma ban daina ba. Amma ina jin daɗi a raina, don ina ganin ina tsare wa Mama abincinta.

Na ɓoye mata. Sai dai da yamma na sunkuya ina hura wuta, rigar ta manne a bayana, ta gani. Ta ɗaga rigar a hankali ta duba. Ta tambaye ni da C'lela, na gaya mata duka, na ce ko kashe ni zai yi ba zan faɗa ba. Ina jira ta yaba mini. Ta ɗora ruwan zafi ta gasa mini bayan, ta shafa man kaɗe.

Da safe na fito da kayan makaranta na same ta a bayan ɗaki, ta karkata tukunyar tana ɗurawa a jarka. Ba rabi ba, duka, har da na ƙasan.

Na ce, "Mama, don Allah kar ki yi. Zan iya jurewa."

Ta toshe bakin jarkar da leda ta ɗora mini a ka. Ta ce, "Ɗiyata, ni ba zan iya ba. Ki kai masa. Ki ce ya riƙa ƙara sabo a kan tsohon."

Na tafi ina kuka, ruwan na ɗiga a wuyana yana shiga inda aka dake ni.

Ran nan awarar makaranta ta fito fara tas, ta kumbura a mai, ba wadda ta fashe. Yara suka yi ta turereniya, ba wanda ya haura katanga. Malam ya dafa kaina a gaban matarsa ya ce ga 'yar kasuwar gobe. Da aka tashi ya naɗe guda biyu a takarda ya miƙo mini.

"Kai wa Mama ta ɗanɗana," in ji shi, "ta gaya mana ko mun iya."

Na so in watsar a kwata, amma na san abin da ke gida. Na kai mata, na faɗi saƙon kamar yadda ya faɗa. Ta gutsuri kaɗan ta tauna, ta ce, "Sun iya." Sauran ta raba wa ƙannena uku, don ran nan ba mu ɗora tukunya ba.