Kyaftin da Masarar Inna

Mujitaba bai taɓa taka filin jirgin sama ba, amma kaf Kwanar Dangora Kyaftin ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan.

Shagon cajin waya yake tsaro. A ƙurya akwai tsohuwar kwamfuta da sandar tuƙi, nan yake wuni yana wasan yaƙin jiragen sama. Gwanintarsa guda ce: da gangan zai ɗaga hancin jirgi har iska ta daina ɗaukarsa, ya bari ya rikito yana wulwulawa kamar kazar da aka yanka, sannan ya ceto shi. A kan wannan aikin banza gemunsa ya fito.

"Matsoraci ke jan sanda baya," yakan gaya wa masu jiran caji. "Gwani danna hanci yake ƙasa, ya taka fedar jelar jirgi da ke kishiyar juyin, jirgi na miƙewa ya ƙara wuta."

Gonar gidansu kuwa, can wajen Doguwa, ƙaninsa Shitu ke fama da ita. Da kaka ta zo zazzaɓi ya kwantar da Shitu, sai mahaifiyarsu Inna ta roƙi Kyaftin abu guda: ya kwaso mata masarar da aka sussuke a babur mai ƙafa uku na aro. Abincin gidan ke nan na shekara.

Kyaftin ya yi lodi ya kamo hanyar gida, ga shi ruwan ƙarshe ya bar gangaren rafin da ke hanyar da santsi. Wani dattijo makiyayi ya tsai da shi.

"Ɗana, nan sauke kaya ake yi, a tsallaka da su a ka."

"Baba, ni da nake ceto jirgin yaƙi?"

A tsakiyar gangaren bayan babur ya zame, ya fara juyawa. Ko yaron goye ya san a sassauta. Kyaftin ya duƙa a kan kambu, ya ƙara wuta.

Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Buhunan ne suka fashe, rafi ya ɗebi rabonsa, sauran ya nutse a laka.

Da Inna ta iso, ya tare ta da bayani: laifin babur ne, ba shi da fedar jelar da ake takawa irin ta jirgi. Ba ta ko dube shi ba. Ta durƙusa da ƙwaryarta tana tsince masara ƙwaya-ƙwaya.

"Matsa," ta ce. "Kana taka mini."