Bustar Ɗakin Dogo

Duk unguwar ba mai kiransa da sunan yanka, Mai Eriya kawai. Yana wannan sana'a tun zamanin da ake ɗaure eriya a kan dogon ƙarfe, wani na saman rufi yana juyawa, wani na ƙasa yana ihun, "Ta fito! A'a, koma baya!" Da dish ya zo ya kori eriya sai ya bi dish, amma sunan ya ƙi sakinsa. Mutum ne mai tsabtar aiki da kaifin baki. In ya ga wayar da wani ya ja tana lilo a bango, sai ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Wannan waya ce ko igiyar shanya?" Tasa kuwa ba a ganinta. Tun ana gini yake binne ta cikin bututu, sai dai ka ga ɗan bakinta ya leƙo daga bango kusa da ƙasa.

Da ya zo gina nasa gidan, ai sai abin ya zama hauka. Ɗan bene ne, amma ba ɗakin da bai kai wa waya ba, har kicin. Matarsa ta ce, "To Malam, saura banɗaki." Ya ce ta bari ya yi tunani.

'Ya'yansa biyu, Dogo da Auta. Dogo shi ya gaji sana'ar, ya kuma fi uban tsawo da haƙuri. Ɗakinsa na ƙarshen baranda a ƙasa, kuma nan duk wayoyin gidan suka haɗu, don ta saman tagarsa wayar eriyar rufi ke saukowa. A shekarar da ciwon ƙoda ya kama shi, hoton talabijin ya riƙa yayyafi a duk ɗakunan. Dogo ya lallaɓa, ƙafafu a kumbure, ya hau kujera ya kafa busta a saman ƙofarsa ta ciki: wani ɗan akwatin ƙarfe kamar tafin hannu, mai ƙara wa hoto ƙarfi, da 'yar jar fitila a goshi. Aikin ƙarshe ke nan da hannunsa ya yi.

Ranar da ya cika, Mai Eriya na saman rufin wani yana ɗaure dish. Kafin a same shi, kafin ya sauko ya iso gida, an riga an lulluɓe yaron. Ya kama hannunsa ya ji sanyi ƙalau. Wannan sanyin bai taɓa barin tafinsa ba.

Bayan an watse daga zaman makoki ya kulle ɗakin ya sa makullin a aljihu. Ba wanda ya tuna ya zare bustar daga wuta.

To, busta tana da wata 'yar ƙara, zuuu, siririya, wadda sai ka kasa kunne. Mai Eriya ya fara jin ta wata rana da hantsi yana wucewa ta barandar, ya tsaya cak. Ya san mece ce, ai shi ya koya wa Dogo kafa ta. Amma abin da kai ya sani daban, abin da zuciya ta ji daban. Shi dai numfashin mai barci yake ji a bayan ƙofar. In an ɗauke wuta ƙarar ta tsaya, sai ya kasa zama, ya shiga ya fita, ya yi wa kowa faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. In an maido, unguwa na murnar fanka da firji, shi kuwa ya silale baranda ya jingina kunne. Matarsa ta taɓa kama shi a haka. Bai ji kunya ba, ya ce mata a hankali, "Ya tashi." Ta juya ta koma kicin tana share ido da bakin mayafi.

Shekaru suka ja. Iska ta karya eriyar rufin, ba wanda ya mayar. Bustar ta ci gaba da aiki, ga shi ba sauran hoton da za ta ƙara wa ƙarfi. Gwiwa ta hana Mai Eriya hawa tsani. Daga baya matar ma ta bi ɗanta, Allah ya jiƙansu.

Auta ce ta dawo gidan don kada tsohon ya zauna shi kaɗai, tun da mijinta na aiki a wata ƙasa. Aikinta na kwamfuta ne, ta toshe kunne tana magana da mutanen kamfaninsu daga safe zuwa yamma. Na'urar intanet na falo a ƙasa, inda layin ya shigo, kuma falon na kallon shagon mai walda, wanda in ya fara yankan ƙarfe ko kanka ba ka ji. Dole ta koma ɗakin baya na sama. Can kuma sabis ba ya kaiwa, don bangon da Mai Eriya ya shekara yana alfahari da shi, wai siminti ne ba ƙasa ba, ya tare komai. Sun gwada jan doguwar waya ta matattakala, tsohon ya harɗe da ita ya faɗi, gwiwar ta kumbura suntum. Auta ta naɗe wayar tana kuka ta rantse ba za ta sake ba. Magini ya ce zai zo ya huda simintin da ya raba sama da ƙasa, amma alkawarin magini, ka san shi.

Sai shugabarta ta wurin aiki ta yi magana ta ƙarshe: in taronsu na intanet ya sake yankewa ranar Litinin, ta tattara ta koma ofis, a garin da sai an wuni a mota.

Ranar Asabar Auta ta shigo da wasu akwatuna biyu ƙanana kamar sabulun wanki.

"Baba, wayoyin nan naka na bango, suna da rai kuwa?"

"Rai? Sun fi ki lafiya."

"To an ce in an jona ɗaya a falo, ɗaya a ɗakina, intanet zai bi ta cikin wayar eriya ya hau sama. Ba fasa bango, ba komai."

Wayyo, ka ga fuskar tsohon nan! Rabon da ya yi irin wannan fara'a tun matarsa na da rai. Ya ɗauko jakar kayan aikinsa yana cika baki, wai yaran yanzu sai sun gama yawonsu su dawo kan aikin manya. Ya goge bakin wayar falo, ya ɗaura akwatin, ya ja gwiwa ya hau sama ya ɗaura ɗayan. Fitilar wuta ta kama. Ta biyun, wadda Auta ta ce za ta yi kore in akwatunan sun ji juna, ko ƙyaftawa.

Ya kwance ya sake ɗaurawa. Ya hura, ya murɗa, ya zagi wanda ya ƙera akwatin da wanda ya sayar da shi. Auta na zaune a bakin gado tana karanta 'yar takardar da ta zo cikin kwalin. Can sai ya lura ta ninke takardar ta tura ƙarƙashin cinya.

"Me suka ce?"

"Ba komai, Baba. Ƙila ba su da kyau."

"Ke, ni na haife ki. Labarin zuciya a tambayi fuska."

Ta sunkuyar da kai. "Sun ce in akwai tsohuwar busta a kan layin, ba za ta bari ya wuce ba. Sai an cire ta."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bai tambaye ta wace busta ba, ita ma ba ta ƙara ba. Ya tattara kayansa ɗaya bayan ɗaya ya zuge jakar.

"Bar shi kawai," in ji Auta. "Zan koma ofis. Duk ƙarshen wata zan riƙa zuwa."

"Allah ya kai mu," ya ce, ya sauka.

Washegari bayan la'asar ya ji ana jan wani abu a sama. Akwatin tafiyarta ne take saukewa daga kan kabad, a hankali, don kada ya ji. Yana tsaye a baranda, kunne ɗaya na jin zuuu a bayan ƙofa, ɗayan na jin takun 'yarsa a saman kansa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko a saman bene mai hawa huɗu. Ya ga kansa a gidan nan shi kaɗai, yana gadin akwatin ƙarfe.

Makullin ya yi gardama kafin ya juya. Ɗakin na warin ƙura da tsohuwar katifa. Ga takalman Dogo a bakin gado, manya-manya, ɗaya ya hau kan ɗaya yadda ya tuɓe su. Ga sukundireba a kan taga. A saman ƙofa jar fitilar na kallonsa, ƙarar kuwa a nan ciki ta cika ɗakin.

Ya jawo kujerar nan dai da Dogo ya hau. Yana ƙoƙarin ɗaga ƙafa ya ji an riƙe kujerar gam, ashe Auta ce ta sauko.

"Baba, don Allah kada ka yi saboda ni."

"To saboda wa zan yi, mai walda? Riƙe kujera ki daina surutu."

Ya hau. Dogo ya naɗe bakin kowace waya da shuɗin tef, kuma a ƙarshen kowane naɗi ya lanƙwasa ɗan kunne, yadda ya saba. Sau nawa uban ya yi masa faɗa a kan wannan, wai ɓarnar tef ce. Dogo ya kan yi dariya ya ce, "Don mai zuwa kwancewa ne, Baba, kada ya sha wahala." Mai Eriya ya kama kunnen da yatsu biyu, ya ja, tef ɗin ya warware sumul, ba gardama. Nan hawaye suka ƙwace masa, bai kuma ɓoye ba.

Ya san wayoyinsa: baƙar ta falo ce, farar ta ɗakin sama. Ya kwance su, ya haɗa bakinsu da ɗan ƙarfen jona waya, ya murɗa tam. Sannan ya kwance kusoshin bustar, ya sa hannu a kan filogin, ya daɗe a haka.

"Bismillahi," ya ce, ya zare.

Jar fitilar ta dushe ta mutu. Shirun da ya biyo baya har cikin haƙoransa ya ji shi.

Auta ta taimaka masa ya sauko. Ya yi mata nuni da haɓa ta je ta duba. Ya ji takunta a matattakala, ya ji ƙofa, sai ga muryarta daga sama, rabi kuka rabi dariya:

"Baba! Ta fito! Ta yi kore!"

Ya zauna a bakin gadon Dogo, ƙura ta tashi. Bustar na tafinsa, da ɗuminta, ɗumi sosai kamar hannun mutum. Ya rufe ta da hannu biyu ya matse a ƙirji. Wancan karon an kira shi bai iso da wuri ba. Wannan karon yana nan, kuma bai tashi ba, yana riƙe da ita har ta huce.