Garin da Babu Mai Aiki

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, mu uku cikin tsohuwar Landiroba: ni, da direba, da malamar jami'ar da ke jagorantar binciken. Abin da take son sani shi ne wa ke yin me a ƙauye, wa ke koyarwa, wa ke duba marar lafiya, wa ke riƙe da gida. Takardun tambaya sittin na rungume a ƙirji, kuma ni na mayar da su Hausa, don haka sai hura hanci nake. Malama ta riga ta ce in gwajin nan ya yi kyau za ta riƙe ni mataimakinta. Wata bakwai ke nan da na gama bautar ƙasa ina zaman kashe wando, ga gwamnati ta tsuke bakin aljihu ta daina ɗaukar ma'aikata.

Hanya ta yi mana daɗi. Gero ya fitar da kai dama da hagu, jakuna na ta tsallake titi ba tare da neman izinin kowa ba. A Bodinga muka karya da masa mai zafi, ta sule biyu ta ishe ni har na rage. Direba kuwa shago-shago ya bi yana neman sabulun da maiɗakinsa ta yi masa sautu, ya dawo hannu rabbana.

Bayan mun tuɓe takalma mun kwashi gaisuwa a fadar garin, Malama ta shiga gidaje wajen mata, ni kuma na kafa benci a bakin kasuwa. Tambaya ta uku ita ce, “Mene ne aikinka?” Na farko ya ce babu. Na biyu ma babu. Kafin hantsi ya dubi ludayi layi ya miƙe har rumfar mahauta. An sha gaya mana mutanen ƙauye na gudun takarda, ga ni yau ana turereniya a gabana. Daɗi ya kashe ni, har na fara tsara yadda zan ba abokaina labari. Kafin azahar na cika talatin.

Da muka isa Shagari sai muka tarar labarinmu ya riga mu zuwa, wata motar albasa ce ta kawo shi, ga layi na jiranmu. Na ƙara cika goma a tsaye, sannan na shiga shagon wani dattijon tela don in sha inuwa, na ce bari in yi masa tasa tambayar. Yana taka keke, bai ko ɗago ba ya ce ba shi da aiki. Na dubi keken, na dubi tulin yadin da ke gefensa.

“Baba, wannan ɗinkin fa?”

“Wanga ai sana'a ta, ɗana. Aiki na gwamnati na, mai albashi. An ce muna kun taho rubuta waɗanda ba su da shi, don a ɗauke su.”

Nan na gane kuskurena. Na sake tambaya, wannan karon na ce sana'a. Sai ya dakatar da keken ya fara lissafi: ɗinki, noma, karantar da allo da safe, ga ɗorin karaya da ya gada wajen mahaifinsa. Maiɗakinsa kuma ungozoma ce, rabin unguwar a hannunta aka haife su. Gurbin da na bari don amsa bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Da ya gama sai ya kalle ni ya ce, “Kai hwa, wace sana'a gare ka?” Ashe duk cikinmu ni kaɗai ne amsar “babu” ta dace da shi.

Zuciyata ta ce in ɓoye, wa zai sani? Amma takarda arba'in ne ke cewa garuruwa biyu zaune suke hannu rungume. Na sami Malama a gindin dalbejiya na zayyana mata komai. Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ai don haka ake gwaji, amma ni da na tara mutane ni zan sallame su. Na tsaya gaban layin na faɗa musu babu aikin da muke rabawa. Wasu suka yi tsaki, wani tsoho ya ce Allah shi kai mu lokacin. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

A hanyar dawowa Malama ta ce in kawo mata sabuwar fassara ranar Litinin, kuma in bar shafi guda don wannan tambayar. Na fahimci ta riƙe ni ke nan, na yi ta murmushi har Sakkwato. Na koyi cewa kalma ɗaya na iya mayar da gari guda malalata.

Na shiga gida kafin magariba na tarar da Inna tana suyar ƙuli-ƙuli. Makon jiya da nake gwada takardar, da sunanta na cika ta farko, kuma da hannuna na rubuta “babu” ban ko tambaye ta ba. Na ciro sabuwa, na zauna kusa da murhu na ce, “Inna, mece ce sana'arki?”

Ta juya ƙulin ta ce, “Yau ka gani ke nan? To, rubuta.”

Sai da na juya bayan takardar.